Mota Ta Waye, Ɓarawo Ma Ya Waye: Abin Da Mai Saye A Sabonjida Ya Kamata Ya Sani

A watan Disamba na 2022, jami'an EOCO, hukumar da ke yaƙi da laifukan tattalin arziki da na gungun miyagu a Ghana, suka bi wasu garejojin sayar da motoci a Accra suka kwashe motoci 37. Sun yi aikin ne tare da hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan tarayyar Kanada, RCMP, bisa zargin cewa daga ƙasashen biyu aka sato motocin. Dillalai sun yi ta kuka cewa ai sun biya kuɗin fito a tashar jiragen ruwa, takardunsu na kwastan kuma cikakku ne. Amma biyan kuɗin fito ba ya wanke motar sata.

Motocin da aka kwashe manya ne, 'yan yayi, masu kwamfuta da rimot da ƙararrawa, irin waɗanda talla ke nuna mana kamar ko aljani ba zai iya taɓa su ba. To, yaya aka yi suka bar ƙofar masu su, suka ƙetare teku, har suka zo suka tsaya a gefen titin Accra ana cinikinsu?

Wani zai ce ina ruwan mutumin Sabonjida da wannan zance, tunda Tamale garin babur ne da yalo-yalo. Da ruwansa kuwa. Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana tara ribar masara da doya a Aboabo, ko hajiyar da ke safarar atamfa, ko ma'aikacin da ya ci bashin banki, duk ranar da ya tashi sayen mota, Accra ko Tema ko Kumasi zai nufa, ko kuma ya tura wa ɗan'uwansa da ke Bronx ko Toronto kuɗi ya auno masa. Yawancin motocin da ke yawo a titunanmu 'yan hom-yus ne, an hau su a waje kafin su iso nan. Saboda haka haɗari biyu ne a gaban mai saye: ya sayi ta sata bai sani ba, ko kuma ya sayi ta halal amma mai raunin da zai sa a sace ta a hannunsa.

Daga ƙarfe zuwa sigina

A da, satar mota aikin ƙarfi ne da ɗan sanin waya. Ɓarawo ya fasa gilashi, ya karya makullin sitiyari, ya haɗa wayoyi biyu, inji ya tashi. Abin da ya kashe wannan salo wata 'yar na'ura ce da ake kira imobilaiza. A cikin kan makulli akwai wani ɗan ƙwayar lantarki mai ɗauke da lambar sirri. In ka murɗa makulli, kwamfutar mota za ta tambayi lambar. In ba ta ji amsar da ta sani ba, ba za ta saki mai ko wuta ba, ko da kuwa an yanka makullin daidai da na asali.

Tarayyar Turai ta wajabta wannan na'ura a sababbin motoci daga 1998, Ostareliya ta bi a 2001, Kanada kuma a 2007. Ta yi aiki ƙwarai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun ƙiyasta cewa ta rage satar mota da kimanin kashi 40 cikin 100 tsakanin 1995 da 2008.

Daga nan sai kamfanoni suka shiga gasar sauƙaƙa wa direba. Aka zo da motar da ba ka buƙatar ciro makulli daga aljihu: ka matso ƙofa ta buɗe, ka danna maɓalli inji ya tashi. Masu saye suka so abin, ya bazu daga motocin alfarma har zuwa ƙananan motoci. Kulle ya tashi daga ƙarfe ya koma zance tsakanin na'urori biyu ta iska. Duk zancen da ake yi ta iska kuwa, akwai mai iya sa kunne, akwai kuma mai iya kwaikwayon murya.

Makulli na ɗaki, mota ta tafi

Hanyar da ta fi shahara ita ce ta miƙa sigina. Motar da ba ta buƙatar a cusa makulli kullum tana kiran rimot ɗinta da wata sigina mai gajeren zango, wadda ba ta wuce taku ɗaya ko biyu. In rimot ya amsa, mota ta ɗauka mai ita yana tsaye kusa. Ɓarayi biyu sukan zo da na'urori biyu. Ɗaya ya tsaya jikin mota, ɗayan ya raɓa jikin ƙofar gida ko taga. Na'urorin su ɗauki kiran motar su kai wa rimot ɗin da ke rataye a ɗaki, su dawo mata da amsa. Shi ke nan, ƙofa ta buɗe, inji ya tashi, ba a fasa gilashi ba, ƙararrawa ba ta yi kuka ba. Kuma galibin motoci ba sa mutuwa a kan hanya don rimot ya yi nisa, domin kashe inji ana cikin gudu haɗari ne ga rai.

Wannan rauni ba jiya aka gano shi ba. Tun 2011 masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan suka gwada dabarar a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8, duka suka buɗe. Shekara takwas bayan haka, a 2019, aka wallafa sakamakon gwajin ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC: cikin motoci 237 da ta gwada, 230 an iya buɗe su an kuma tayar da injinsu ta wannan hanya. Uku kacal suka tsira gaba ɗaya. Ka ga ke nan an san ciwon, maganin ne aka yi ta jan ƙafa a kansa.

Yanzu ka dubi tsofaffin unguwanninmu. Gidan haya ne na tsakar gida, ɗakuna a jere, babu wurin shigar da mota. Tana kwana a bakin titi, makulli kuwa yana rataye a ƙusa kusa da taga, tsakaninsu bai fi 'yan taku ba. Na'urar da ta yi aiki a Toronto ba ta san iyakar ƙasa ba.

Ɓarawon da ke shiga ta fitila

Hanya ta biyu ba ta ma buƙatar makullinka. A cikin motar zamani akwai ƙananan kwamfutoci da dama: ta inji, ta birki, ta ƙofofi, har ta fitilun gaba. Duka suna magana da juna ta wani layin waya da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Lokacin da aka ƙera shi, ba wanda ya kawo a ransa cewa baƙo zai shigo cikin hirar, don haka ba a sa masa hanyar tantance mai magana ba. Duk saƙon da ya hau layin, sauran kwamfutoci sukan ɗauka daga ɗan gida ya fito.

A 2022, wani masanin tsaron kwamfutar motoci a Landan mai suna Ian Tabor ya tarar sau biyu an ɓalle bambar motarsa Toyota RAV4, an ja wayoyin fitila. Ya ɗauka aikin 'yan ɓarna ne. Ba a daɗe ba motar ta ɓace. Shi da wani ƙwararre, Ken Tindell, suka bi diddigin abin, suka bayyana sakamakon a watan Afrilu na 2023. Ashe ɓarayin sun kai ga layin CAN ne ta wayoyin fitila, suka jona wata na'ura da aka ɓoye a cikin kwalin sifikar Bluetooth ta jin kiɗa. Na'urar ta aika saƙon ƙarya cewa an ga makulli na gaskiya, mota ta yarda.

Akwai kuma kafar OBD, wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta a motoci tun 1996. Nan fita ko mai gyaran wutar mota ke jona kwamfutarsa ya ga abin da ke damun inji, nan ne kuma ake yi wa mota sabon makulli in na farko ya ɓata. Kayan aikin halal ne, ana sayar da su a fili. In suka faɗa hannun ɓarawon da ya samu shiga mota, sai ya koya mata sabon rimot nasa, ya tuƙa ta kamar gadon ubansa.

Darasin Kia da Hyundai

Labarin da ya fi shafar aljihun talaka shi ne na Kia da Hyundai. Amurka, saɓanin Turai da Kanada, ba ta wajabta imobilaiza ba. Sauran kamfanoni suka riƙa sa ta da kansu, amma waɗannan biyun suka sayar da miliyoyin motoci babu ita, musamman masu makullin murɗawa da aka ƙera daga 2011 zuwa 2021. Cibiyar HLDI mai tattara bayanan kamfanonin inshora ta nuna cewa a motocin ƙirar 2015, kashi 26 cikin 100 na nau'o'in Kia da Hyundai ne kawai ke zuwa da ita, alhali a sauran kamfanoni kashi 96 ne.

Wasu matasa a birnin Milwaukee suka gano haka, suka fara sa bidiyon yadda suke tayar da motocin a TikTok. A 2021 kaɗai an sace motoci sama da 10,000 a birnin, kusan biyu cikin uku Kia da Hyundai ne. Abin ya watsu a faɗin ƙasar, har satar mota a Amurka ta haura miliyan ɗaya a 2022 da kuma 2023. A watan Fabrairu na 2023 kamfanonin suka fara gyaran manhaja kyauta ga motoci kimanin miliyan 8.3, a watan Mayu kuma suka amince da sulhun kusan dala miliyan 200 da masu motocin da suka kai ƙara.

Inda zancen ya zo gida shi ne nan. Elantra da Sonata da Optima da Forte na waɗannan shekarun sun cika titunan Ghana, da yawansu daga gwanjon Amurka aka auno su. Gyaran da aka ambata a wurin dilolin kamfanin da ke Amurka ake yin sa. Motar da ta hau jirgi kafin 2023 ba ta gan shi ba. In taka daga Amurka ta fito, kuma makullin murɗawa gare ta, kai ta wurin mai gyaran wuta ya duba maka ko tana da imobilaiza. Wadda aka ƙera don kasuwar Kanada tana da ita, saboda dokar 2007.

Me ya sa kamfanoni ke jan ƙafa?

Magani dai akwai shi. Wasu sababbin motoci suna amfani da fasahar UWB, wadda ke auna lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta je ta dawo, ta haka mota ke gane ko rimot yana kusa da gaske. Motoci ukun da suka tsira a gwajin ADAC, na kamfanin Jaguar Land Rover, da ita suka tsira. Ford ya fito da rimot mai yin barci in an ajiye shi daƙiƙa 40 bai motsa ba. Tesla ya sa lambar sirri da direba zai danna kafin mota ta motsa.

Abin da ya hana maganin yaɗuwa da wuri, na farko, shi ne wanda ke ɗaukar asara. In an sace mota, mai ita da kamfanin inshora ne ke kuka, wanda ya ƙera ta ya riga ya karɓi kuɗinsa. Na biyu, doka ba ta gudu kamar fasaha. Ƙa'idar da Kanada ta kafa a 2007 an tsara ta ne kafin motocin danna maɓalli su cika gari. Na uku, mota ba wayar hannu ba ce da ake canzawa bayan shekara biyu. Ana ɗaukar shekaru ana tsara ta, sannan ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin a kan titi, a ƙasashenmu ma fiye da haka. Kullen da ya gagari ɓarawo ranar da ta fito daga masana'anta ya zama wasan yara kafin ta tsufa. Na huɗu, ba a iya toshe kafar OBD gaba ɗaya, domin in an yi haka an kashe sana'ar duk wani makanike mai zaman kansa, daga Suame Magazine har garejojin Tamale.

Wani lokaci ma kamfani ya fi damuwa da rufe bakin mai bincike. Masana daga jami'ar Radboud ta Holan da jami'ar Birmingham ta Ingila sun gano rauni a wani nau'in imobilaiza mai suna Megamos, wanda ke cikin motocin kamfanoni da dama. A 2013 Volkswagen ya samu umarnin wata kotun Ingila na hana su wallafa binciken. Sai a 2015 ya fito.

Ba a sata sai da kasuwa

Duk wannan bayani na yadda ake buɗe ƙofa ne. Abin da ke sa ɓarawo ya fito da tsakar dare shi ne tabbacin cewa akwai mai saye. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, kuɗin da kamfanonin inshora suka biya kuma ya haura dalar Kanada biliyan ɗaya. Honda CR-V ce ta zo kan gaba a jerin waɗanda aka fi sata a wannan shekara, a 2023 kuma Toyota Highlander. Hatta motar gwamnati ta ministan shari'ar ƙasar sau uku ana sace ta cikin shekara uku. Abin ya kai gwamnati ta kira taron ƙasa a kan satar mota a Ottawa ranar 8 ga Fabrairu, 2024.

Babbar mafitar motocin ita ce tashar jiragen ruwa ta Montreal. Kwantena kan bar tasha da takardar da ke cewa wani kaya ne daban a ciki, ko kuma da lambar wata motar. Jami'ai ba sa iya buɗe kowace kwantena, kuma a al'ada ƙasashe sun fi sa ido kan abin da ke shigowa fiye da abin da ke fita. Da 'yan sandan Ontario da jami'an kan iyaka suka tsananta bincike daga Disamba 2023 zuwa Maris 2024, sun buɗe kwantena 390 suka samu motocin sata 598.

Me ya sa Afirka ta Yamma? Dalili ɗaya a bayyane yake. Tun ranar 4 ga Agusta, 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, kamar maƙwabtanta Togo da Burkina Faso da Kodebuwa. Motar Amurka da Kanada, mai sitiyari a hagu, ta dace da titunanmu ba sai an canza komai ba. Ga son manyan motoci masu jure ramuka, ga kasuwar hom-yus da ta riga ta kafu, wadda motar sata ke iya sajewa a cikinta. A 2023 'yan jaridar gidan talabijin na CBC na Kanada sun zo Ghana, suka tarar da motocin da aka sace a Ontario da Quebec a wuraren sayar da motoci. Akwai wadda suka samu takardun mai ita na Toronto suna nan a aljihun gaban mota, ba wanda ya damu ya cire su.

Sai dai yanzu raga tana ƙara matsewa. Tun Fabrairu 2024 aka haɗa bayanan motocin sata na Kanada da rumbun 'yan sandan duniya, Interpol, kuma cikin 'yan watanni aka gano sama da 1,500 a ƙasashe daban-daban. A watan Maris na 2025 Interpol ta jagoranci wani samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, har da Ghana da Togo da Burkina Faso da Nijar da Najeriya, inda aka gano motocin sata kusan 150, akasarinsu daga Kanada. A 2025 ɗin dai EOCO ta ja kunnen masu saye game da Honda CR-V, Ford F-150, Range Rover da Dodge Ram. Tamale kuwa tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kumasi ta wuce Bolgatanga zuwa iyakar Paga. Motar da ta kuɓuce a Tema tana iya haɗuwa da shingen bincike a nan.

Wanda ke kwana a ciki

In asiri ya tonu, yaron da ya sato motar yana wata nahiya, wanda ya loda ta a kwantena ba a san fuskarsa ba, dillali wataƙila ya canza lambar waya. Wanda aka samu da mota a hannu shi ne mai saye. Ƙa'idar ciniki a dokar Ghana ita ce mutum ba ya mallaka wa wani abin da shi kansa bai mallaka ba, don haka ana iya karɓe motar ko da ka saya da zuciya ɗaya. In kuma aka tabbatar ka san ta sata ce, sashe na 146 na dokar laifuka ta 1960 ya tanadi hukunci ga mai karɓar kayan sata. A wajen malamanmu ma hukuncin a fili yake: kayan sata na mai shi ne, ko hannu nawa ya bi.

Bayan asarar kuɗi akwai ta mutunci. A unguwa irin Sabonjida, inda kowa ya san kowa, a ce jami'ai sun zo sun ja motar Alhaji wane daga ƙofar gida, ba kowa zai tsaya jin cewa shi ma cutarsa aka yi ba. Sau da yawa kuma ciniki ne na amana, ta hannun ɗan'uwa ko suruki ko abokin kasuwa, ba rasit, ba shaida. Mota ta tafi, zumunci ya bi ta.

Kafin ka miƙa kuɗi, fara da lambar shasi, wadda a takardu ake rubuta VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, tana kuma cikin kwamfutar mota. A sa mai gyaran wuta ya jona na'urarsa ya karanto ta ciki, a gwada da na waje da na takardun kwastan. In ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar an ɓamɓare takardar jikin ƙofa an sake mannawa, tashi ka kama gabanka.

Bayan haka a bincika lambar. Hukumar NICB ta Amurka tana da shafin VINCheck kyauta, 'yan sandan Kanada ma suna da shafin CPIC da kowa zai iya sa lamba ya duba. Carfax na kuɗi ne, amma yana nuna tarihin mota: inda ta zauna, haɗarin da ta yi, gwanjon da aka sayar da ita. Duk wanda ke da waya mai intanet zai iya, in ba ka iya ba ka sa ɗanka ko ƙaninka. A sani dai shafukan nan ba su kama komai. Akan ɗora wa motar sata lambar wata mai irin ƙirarta, akwai kuma wadda aka karɓa da bashin yaudara ko haya aka fitar da ita kafin a kai rahoto. Shi ya sa EOCO ke ba da shawarar a tuntuɓe ta ko ofishin Interpol da ke Accra kafin a biya kuɗin babbar mota.

Nemi takardar mallaka ta ƙasar da motar ta fito, da rasit ɗin gwanjo ko na dilan da aka saya a wurinsa, da takardar jirgi. Tambayi makulli na biyu. Sabuwar mota mai tsada da ta zo da rimot ɗaya tilo, ko rimot da ba na kamfaninta ba, abin tambaya ce. Biya ta banki, a rubuta yarjejeniya da cikakken sunan mai sayarwa da lambar Ghana Card ɗinsa, a je DVLA a mayar da mota sunanka ba tare da ɓata lokaci ba. In farashi ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, tuna cewa araha ba ta ado.

In ta riga ta shigo hannunka

Abin mamaki, maganin ɓarawon kwamfuta sau da yawa tsohon ƙarfe ne. Sandar kulle sitiyari ba ta jin sigina. Mai na'ura yana son aikin minti ɗaya ko biyu cikin shiru, yanka ƙarfe kuwa yana cin lokaci yana kuma tada maƙwabta. Mai gyaran wuta da ka yarda da shi zai iya sa maka ɓoyayyen makunni da ke yanke famfon mai, a wurin da kai kaɗai ka sani. Akwai kuma murfin ƙarfe mai kulle da ake sa wa kafar OBD.

Rimot kuma kada ya kwana kusa da ƙofa ko taga. Sa shi a 'yar jakar da ke toshe sigina, ko gwangwanin ƙarfe mai murfi sosai. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe gwangwanin a rufe ka je jikin mota, in ta buɗe to bai yi ba. Kada a manta da rimot na biyu. In mota ta zo da makulli ɗaya, a sa ƙwararre ya goge sauran makullan daga kwamfutarta, don wanda ke riƙe da na biyun ya zama riƙe da banza. A wurin wanki ko gareji, san wanda ka bar wa makulli da tsawon lokacin da zai yi a hannunsa. Tiraka ba ta hana sata, amma tana taimaka wa 'yan sanda in an kai rahoto da wuri, musamman a gari irin namu da iyakar Burkina Faso ba ta wuce tafiyar 'yan sa'o'i ba.

Masu babur, ku ma zancen ya shafe ku, ko ma ya fi. Yawancin baburan da muke hawa ba su da imobilaiza ko kaɗan, kullen wuya kawai gare su, kuma mutum biyu na iya ɗaga babur su jefa a bayan motokin. A ƙofar masallaci ranar Juma'a, a kasuwa, a wurin biki ko jana'iza, ƙara sarƙa ko kullen taya, a ɗaure shi jikin abin da ba ya motsi. A yi masa rajista, a adana lambar shasi da ta inji a gida. Babur marar lamba ko an gan shi a hannun wani, da wuya mai shi ya tabbatar nasa ne. Kuma duk mai sayen babur ko kayan gyara a rabin kuɗi ba takarda, ya san shi ne ke ba ɓarawon maƙwabcinsa aikin yi.

Kamfanoni za su ci gaba da toshe ƙofofi, ɓarayi su ci gaba da neman sababbi, wannan ba a hannun mutumin Sabonjida yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya karanta lambar shasi kafin ya ƙirga kuɗi, ya juya baya ga arahar da ba ta da asali, ya sa wa sitiyarinsa ƙarfe kafin ya shiga barci. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci.